An ciro mana yaro a wata bakwai saboda hawan jini, a gida ana cewa na yi garaje

Angon_Karni:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, da addu'a. Maiɗakina cikin fari ne, yana sati 31 ƙafafunta suka kumbura. Kowa ya ce ai haka ciki yake. Daga baya kumburin ya hau fuska da hannu, zoben hannunta ma sai da sabulu aka zare shi. Ran nan cikin dare ta ce kanta kamar zai tsage, tana ganin wasu ƙyalli-ƙyalli a idonta. Da asuba muka tafi asibiti, aka auna jini 170 bisa 115, aka gwada fitsari aka ce akwai matsala. Suka kwantar da ita, suka yi ta allurai. Bayan kwana biyu likita ya kira ni gefe ya ce jinin ya ƙi sauka, dole a yi aiki a ciro yaron. Na sa hannu. An samu namiji, kilo 1.4, yanzu yana kwalba da roba a hanci.

Inda gizo ke saƙar shi ne gida. Hajiyata da Gwaggo sun ce ciki bai isa ba na bari aka farke 'yar mutane, wai likitocin yanzu aiki suke so, da an dawo gida ta kwanta an nemi taimako da ta kai wata tara lafiya. Maganar ta tsaya mini a rai. Don Allah masu sani, da gaske akwai yadda za a yi a jira? Sannan ga suna ya matso, yaro na kwalba, uwa na kan gado. Yaya ake yi?

MamanIhsan:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya, ya tashi kafaɗun mai jego. Malam ka kwantar da hankalinka, ba ka yi laifi ba. Ihsan ɗina bakwaini ce, yanzu tana aji huɗu a firamare, ta fi kowa surutu a gidan nan.

Bakatsine77:
Allah ya ba su lafiya. Amma dai gara da aka ciro shi a bakwai. Mu mun taso muna ji ɗan wata bakwai yana rayuwa, ɗan wata takwas ne ba ya yi.

Likitan_Mata:
Angon_Karni, barka. Ban ga fayil ɗin matarka ba, amma abin da ka lissafa ya isa in yi maka bayani.

Wannan ba hawan jinin da ka sani na dattawa ba ne. Ciwo ne na masu ciki, yana bayyana bayan sati 20, kuma tushensa mabiyiya ce, wato uwar cibiya. Jijiyoyin da ke kai mata jini ba su buɗe yadda ya kamata ba tun farkon ciki, sai abin ya shafi jijiyoyin jinin uwar gaba ɗaya: ƙoda ta fara zubar da sinadarin furotin cikin fitsari, hanta ta taɓu, ƙwaƙwalwa ta taɓu. Daga 140 bisa 90 muke fara sa ido. In ya kai 160 bisa 110 ya zama mai tsanani. Naku 170 bisa 115 ne, ga ciwon kai, ga gani ya rikice. Mataki na gaba shi ne jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, ko jini ya fashe a ƙwaƙwalwa, ko mabiyiya ta ɓalle daga jikin mahaifa yaro ya mutu a ciki uwar ta yi ta zubar da jini.

Magungunan da ake bayarwa suna sassauta jinin ne, ba sa kashe ciwon. Ciwon ba ya tafiya sai mabiyiya ta fita. Kuma ka lura, ba su yanke nan take ba. In ciki bai kai sati 34 ba muna son jira in jiran zai yiwu. Kwana biyun nan da aka yi, galibi lokacin ne ake bai wa allurar deksametason ta yi aiki, ita ce ke taimaka wa huhun jariri ya nuna da wuri. Ana kuma yin wata, magnesiyam salfet, don tare jijjiga. Ka tambayi likitanta, ina kyautata zaton zai ce maka an yi duka biyun. Da aka ga jini ya ƙi sauka, jira ya zama caca da rai biyu.

Bakatsine77, wannan magana ta wata takwas ba ta da tushe. Kowane sati da yaro ya ƙara a ciki riba ce gare shi. Ɗan sati 35 ya fi ɗan sati 31 ƙarfi nesa ba kusa ba.

Dan_Tasha:
Likita ka faɗi naka, amma su Hajiya ma ba daga sama suka samo maganar ba. Akwai asibitocin kuɗi da mace tana shiga da naƙuda za a ce yaro ya juya, kawo kaza a yi aiki. Matar abokina haka aka ce mata, suka ɗauke ta suka canza wuri, ta haihu da kanta kafin la'asar. To wa za ka yarda da shi?

Likitan_Mata:
Dan_Tasha, ban musa maka ana samun masu son zuciya ba, a kowace sana'a akwai su. Amma bambancin a fili yake. Nan akwai lamba da aka auna, akwai gwajin fitsari, akwai alamomin da matar ta faɗa da bakinta tun a gida. Kowane asibiti ka kai wannan takardar amsa ɗaya za ka ji.

Dan_Tasha:
To Allah ya sa haka ne. Ni dai na faɗi abin da na gani.

Ummu_Tagwaye:
Ƙanwar mijina aka ce a jira. Ta yi awo sau ɗaya aka ce jininta ya hau ta dawo bayan sati, aka ce a gida ai kumburi alamar namiji ne. Tana tsakar gida tana tankaɗe ta faɗi, jiki na karkarwa, ta datse harshe har jini. Aka ce iska ce, aka shiga hayaƙi da tofi, sai da ta yi sau uku kafin a nemo mota. An ceto ta, ba a ceto yaron ba, kuma har yau hannunta na hagu bai koma daidai ba. Angon_Karni, ka je ka gaishe da likitan nan da ya kira ka gefe.

Malam_Na_Zaure:
Allah ya raya bisa sunna. Game da suna: babu inda aka ce sai jariri yana gida za a yi. Ka yi masa huɗuba ko ta jikin kwalbar ce in ma'aikata sun ba ka dama, ka raɗa masa suna, ranar bakwai a yanka rago a gida a raba. Aski kuwa a jinkirta shi har likita ya ce fatarsa ta yi ƙwari, domin addini bai yarda da cutarwa ba. Taron mata da kiɗa al'ada ce, ana iya ɗaga ta zuwa duk lokacin da aka samu sarari. Haka wanzami, kada a bari ya kusanci bakin yaron nan da sunan cire beli.

Neman magani kuma ba ya karo da tawakkali. Ka gaya wa Hajiya da lafazi mai taushi, uwa ce, tsoro ne ya sa ta faɗi haka.

Gimbiyar_Fagge:
Malam tunda kana nan ka taɓa mana wani abu. Yayata ta haifi bakwaini wata bakwai da 'yan kwanaki bayan biki. Wallahi abin da dangin miji suka yi ta raɗawa ya fi ciwon haihuwar zafi. Suna ƙirga watanni da yatsu a gabanta.

Malam_Na_Zaure:
Subhanallah. Wannan jahilci ne mai haɗari, yana iya kai mutum ga ƙazafi. Suratul Ahƙaf aya ta 15 ta ce ɗaukar ciki da yaye wata talatin ne. Suratul Baƙara aya ta 233 ta ce shayarwa shekara biyu cikakku. In ka cire 24 daga 30 saura shida. Daga nan malamai tun zamanin sahabbai suka fitar da cewa mafi ƙarancin ciki wata shida ne, kuma ɗan da aka haifa bayan wata shida da aure ɗan mijin ne. Masu ƙirga da yatsu su ji tsoron Allah.

Nas_Mai_Dare:
Ni a ɗakin jarirai nake aiki, bari in faɗi abin da ke gaban Angon_Karni yanzu, don aikin an riga an yi shi.

Mutane sun ɗauka kwalba ce ke raya bakwaini. Kwalba ɗumi take bayarwa. Abin da ke kashe mana yaran nan uku ne: sanyi, yunwa, da ƙwayoyin cuta. Numfashi ma yana ciki a kwanakin farko, shi ya sa ka ga roba a hanci.

Nono: matarka ta fara tatsa tun yanzu ko da ɗigo biyu ne ke fita, duk bayan awa biyu zuwa uku, har da dare. Dakashin farko mai ruwan ɗorawa ɗin nan da tsofaffi ke cewa a zubar, shi muka fi so. A sirinji muke zuƙe shi mu saka masa ta robar da ke zuwa ciki. Ɗan sati 31 bai iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi lokaci guda ba tukuna, wannan sai wajen sati 34. Daga roba a koma ƙaramin kofi, daga kofi a koma mama. Ba ruwa, ba zuma, ba rubutu, ba dabino a baki.

Ɗumi: da zarar likita ya ba da izini a fara goyon ƙirji. Yaro daga shi sai hula da safa da kunzugu, a tsayar da shi tsakanin nonon uwa fata na taɓa fata, a juya kansa gefe don hanci ya samu iska, ƙafafu a buɗe kamar na kwaɗo, a ɗaure da zani daidai ƙasan kunnensa, ta sa riga mai buɗaɗɗen gaba a kai. Awanni da yawa a rana, iya yadda za a iya. Za ka ga yaron da ke ta firgita a kwalba ya yi lamo, numfashinsa ya daidaita, nonon uwar ma ya ƙaru. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara wannan a 1978, a wani asibiti da jarirai suka yi wa kwalaben yawa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa farawa nan da nan bayan haihuwa, ba sai an jira yaro ya gama zaman kwalba ba.

Kuma tunda uwar tana da ɗinki, kai ma za ka karɓe ta. Uba yana yi.

Bakatsine77:
Haba Nas, namiji da gemunsa a ɗaura masa zani a ƙirji a gaban mata?

Baban_Husna:
Bakatsine77 ni na yi, kuma gemuna na nan bai zube ba. 'Yata kilo 1.6 aka haife ta, lokacin hunturu. Uwar in ta gaji ko za ta shiga wanka sai in cire riga in zauna a kujerar roba a saka mini ita. Kanta bai fi lemon zaƙi ba, ina jin bugun zuciyarta a jikina, yatsunta na kama gashin ƙirjina. Ranar farko ko motsi ban yi ba don tsoro, ƙafata har ta yi tsami. Daga baya har karatu nake yi a waya tana barci. Matan ɗakin sun yi dariya kwana ɗaya, washegari suka fara tura mazajensu.

Iya_Mai_Koko:
Yaran zamani kenan. To Allah ya yi albarka. Ni tambayata mai jegon. In an sallame ta ai dole ta yi wanka da ruwan zafi ta sha kunun kanwa, in ba haka ba sanyi ya shige ta, nono ma ba zai zo ba. Mu haka aka yi mana haihuwa tara, ga mu nan.

Likitan_Mata:
Iya, ina neman afuwa, a wannan karon kanwa ba ta dace ba. Kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki tana ɗaga jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Wannan a kan mace mai lafiya ma kenan, balle wadda jininta ya kai 170.

Angon_Karni, ka riƙe wannan da kyau: ciro yaro bai nufin an fita daga haɗari. Jijjiga tana iya zuwa bayan haihuwa, musamman a satin farko, kuma jinin kan ɗauki har sati shida kafin ya koma daidai. Ta ci gaba da shan maganin da aka rubuta, a riƙa aunawa. Ciwon kai mai tsanani, gani ya dushe, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, numfashi sama-sama, ko ɗaya ka gani ku koma asibiti ko ƙarfe biyun dare ne. Wanka da ruwa mai ɗumi ba laifi, amma ban da fyaɗa ganye a kan ɗinki.

Iya_Mai_Koko:
Likita na ji, ban ce a kashe 'yar mutane ba. Amma ku ma komai na iyaye sai ku ce cuta ne. Kunun gyaɗa fa, shi ma an hana?

Nas_Mai_Dare:
Iya kunun gyaɗa a dama mata da yawa, har ki aiko mana ragowar. Farfesu, ganye, wake, ƙwai, duk ta ci. Kanwar ce kawai da yawan gishiri.

Hajiyar_Damagaram:
Sannunku da hira. Daga Zinder nake. Abin da ba wanda ya taɓo shi ne kuɗi. Nan Nijar tun wajen 2006 gwamnati ta ce aikin ciro yaro da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, ko da yake wani lokaci magani kan yanke sai ka saya a waje. Can wajenku yaya? Don zaman kwalba na sati uku ko huɗu ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi.

Dan_Tasha:
Hajiya nan kowa tasa ta fisshe shi. Kuɗin gado daban, iskar oksijin daban, gwaji daban, ga abincin mai jinya da kuɗin mota kullum.

Sadauki_Abuja:
A watan Nuwamba 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da aikin haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi da ke buƙatarsa, amma a asibitocin da ke cikin shirin. Angon_Karni ka tambaya a ofishin walwalar marasa lafiya na asibitinku, yawancin manyan asibitocin gwamnati suna da shi, kuma sukan yi rangwame in ka yi bayani. Shawarata kuma, kuɗin da ka tanada na shagalin suna da kayan fitar suna ka riƙe su. Rago ɗaya ya wadatar.

Maryama_S:
Ina ta karantawa ina ɗaga hannu daga rubutu. Nawa sati 27 ne, shi ma hawan jini. Ya yi kwana tara ya koma. Ba na faɗa don in tsorata kowa ba, sati 31 da kilo 1.4 ya fi nawa nisa sosai. Abin da nake so in ce shi ne a kula da uwar. Kowa yana leƙen kwalba, ita tana kwance da ɗinki tana jin ana haihuwa lafiya a gadon kusa ana guɗa. Abin da ke cin ta shi ne "jikina ne ya kasa riƙe shi". In ta ji ana cewa an yi garaje, a kanta za ta ɗora. Kada ka bari maganar su Gwaggo ta isa kunnenta.

MamanIhsan:
Allah ya sa mai ceto ne Maryama. Kin faɗi gaskiya. Ni ranar da aka sallame ni aka bar Ihsan, na shiga ɗaki na ga kayan jarirai a jere, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Wani abu kuma Angon_Karni, in kun dawo gida: 'yan barka. Ka zama mugu na wata biyu. Ba ɗauka, ba sumbata, mai mura ya tsaya daga ƙofa, duk wanda zai taɓa ya wanke hannu da sabulu. Kada a kunna gawayi ko turaren wuta a ɗakin don ɗumi, hayaƙin ya fi sanyin illa. Za a ce kuna da iyayi, ku bari a ce. Sannan kada ku gwada shi da yaran da aka haifa rana ɗaya da shi. Ana cire satuttukan da ya rage bai cika ba. Naka ya zo da saura sati tara, to in ya yi wata huɗu a duniya, lissafinsa na wata biyu ne wajen murmushi da riƙe wuya da zama.

Nas_Mai_Dare:
Ƙari kan na MamanIhsan: a tambayi likita zancen duba idonsa kafin sallama ko jim kaɗan bayanta. Bakwainin da ya sha oksijin akwai ciwon ido da ke iya kama shi, in an gani da wuri ana maganinsa. Rigakafi kuma ba a fasa masa, ma'aikata za su faɗa muku lokacin da za a fara.

Angon_Karni:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na tambayi likitan, ya ce an yi alluran biyu da Likitan_Mata ya ambata. An yanka rago jiya, sunansa Muhammad. Jikinsa ya yi ɗorawa an ce shawara ce, an saka shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske an rufe masa ido. Nauyinsa ya ɗan ragu, nas ta ce haka suke yi a satin farko. Uwar ta fara samun nono, jininta 150 bisa 95 da safen nan.

Na kai Hajiya ta gan shi ta gilashi. Ta daɗe a tsaye tana addu'a, da muka fito ba ta sake zancen garaje ba, amma ba ta ce na yi daidai ba. Gwaggo kuwa tana nan kan bakanta, har ta sayo kanwa ta ajiye.

Dan_Tasha:
Allah ya raya Muhammadu. Ni har yanzu ina ganin da an samu wani likitan ya duba kafin a sa hannu da hankalin kowa ya fi kwanciya, har da Gwaggon.

Ummu_Tagwaye:
Dan_Tasha da jini 170 za ka ɗauki mace kana yawon asibitoci a Adaidaita? Kai dai.

Gimbiyar_Fagge:
Likita, in mace ta taɓa yin wannan hawan jini na masu ciki, zai dawo a ciki na gaba? Yayar tawa tana tsoron sake ɗauka.

Likitan_Mata:
Yana iya dawowa, musamman in na farkon ya zo da wuri kuma da tsanani, amma da yawa suna yin na biyu lafiya. Ta fara awo da zarar ta san tana da ciki, ta faɗi tarihinta tun ranar farko. Akan ba irinsu ƙaramin asfirin kullum daga wajen sati 12, da sinadarin kalsiyam, amma likita ne zai rubuta, ba a saya a kemis a fara sha ba. In aiki aka yi mata ta ba da tazara, kusan shekara biyu, ɗinkin mahaifa ya warke. Awo kuma yanzu sau takwas ake so a cikin guda, ba huɗu ba kamar da.

Iya_Mai_Koko:
Angon_Karni ka ce wa Gwaggo ta ba ni kanwar in ba a so, ina da awaki.

Baban_Husna:
Wa ya san inda ake samun na'urar awon jini mai batir mai kyau a Kano? Wadda na saya a bara kowane hannu lamba daban take ba ni, kuma maiɗakina ta shiga wata biyar.